FILIN KIMIYYA: Ba A Kulle Mabuɗi A Cikin Ɗakin Da Za A Buɗe

Daga cikin tashin hankalin da ke samun masu kula da kwamfuta, kaɗan ne suka kai na ranar da mutum ya harhaɗa sabuwar ƙwayar manhaja da hannunsa, ya kashe na'ura ya sake kunnawa, ta zubo rubuce-rubuce a allo kamar za ta tashi lafiya, sa'an nan ta tsaya cik, ta rubuta cewa ta ruɗe, ba ta ga faifan da za ta hau ba. Faifan kuwa yana nan cikin cikinta lafiyarsa lau, da takardun albashi, da lissafin kuɗi, da duk abin da aka tara shekara da shekaru. Wanda ya san abin da ya faru, cikin 'yan mintoci zai gyara. Wanda bai sani ba kuwa, yakan zaci faifan ne ya mutu, ya goge shi ya sake zuba manhaja daga farko, ya hallaka da hannunsa dukiyar da babu abin da ya same ta. Filin wannan mako zai bi diddigin wannan matsala a kan ƙwayar Linux.

Ƙwaya, wadda masu sana'ar ke kira kanel, ita ce zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Ita ce ke raba wa sauran manhajoji lokaci da ƙwaƙwalwa, ita ce kuma ke magana da ƙarafan na'ura a madadinsu. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ne ya ba da sanarwar Linux cikin watan Agusta na 1991, yana da shekara 21 da haihuwa, har ma ya faɗa wa abokan hulɗarsa cewa da wuya abin nasa ya taɓa sanin wani faifai ban da irin wanda ke cikin kwamfutarsa. A yau ƙwayar nan ce ke cikin kowace wayar Android, kuma tun watan Nuwamba na 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya a kanta su ke tafiya.

TUBALI DA TAFINTA

Tun zamanin Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a ɗakunan binciken Bell na Amurka a 1969, aka kasa na'urorin da ke jikin kwamfuta gida biyu. Akwai waɗanda bayani ke kwarara daga gare su harafi bayan harafi, kamar ruwa a indararo, misali allon buga rubutu. Akwai kuma waɗanda ke ajiye bayani tubali-tubali, kowane tubali da lambarsa, ana iya ɗauko na tsakiya ba tare da an taɓa na farko ba. Faifan kwamfuta, da filashi, da katin ajiya na waya duk 'yan gida na biyu ne. An daɗe tubali ɗaya yana ɗaukar bayit 512, kafin masu ƙera faifai su fara komawa 4096 wajen 2010.

Sashen ƙwaya da ke kula da waɗannan na'urori shi ne ke jera buƙatun karatu da rubutu, ya haɗa na kusa da juna, ya tsara wanda zai riga wani. Har wa yau ƙwaya takan riƙe rubutu a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci kafin ta sauke shi a faifai, wannan ne ya sa wanda ya fizge filashi ba tare da ya yi masa sallama ba yakan tarar da takardarsa ta lalace. Amma kowace irin na'ura da harshenta, saboda haka ƙwaya na buƙatar wata 'yar manhaja da za ta yi mata tafinta. Masu sana'ar suna kiranta direba, ko da ya ke aikinta ya fi kama da na tafinta a gaban alƙali.

Mai son harhaɗa ƙwaya da kansa yakan buga umarnin make menuconfig, sai jerin tambayoyi ya bayyana, waɗanda yawansu ya haura 10,000. Amsoshin ana tara su cikin fayil ɗaya mai suna .config. Ga yawancin tafintoci amsa uku ce. Harafin y yana nufin a gina tafintan cikin jikin ƙwaya. Harafin n yana nufin a bar shi. Harafin m kuwa yana nufin a harhaɗa shi a ajiye gefe guda a kan faifai, a ɗauko shi in buƙata ta taso. Wannan dabara ta uku, wadda ta shigo Linux a 1995, ita ce ta ba ƙwaya damar sanin dubban na'urori ba tare da ta kumbura ba. Ita ce kuma tushen matsalar da aka buɗe filin da ita.

SARƘA MAI GAƁA HUƊU

Kafin ƙwaya ta karanta fayil ɗaya tak daga faifan da babbar manhaja ke zaune a kai, wajibi ne abubuwa huɗu su kasance a hannunta. Na farko shi ne tafintan mahaɗar da faifan ke maƙale da ita, wanda ga yawancin faifan SATA shi ne AHCI, ga sababbin faifai marasa juyawa kuwa NVMe, wanda ya shiga Linux 3.3 a 2012. Na biyu shi ne tafintan faifan kansa. A nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe, domin Linux na bi da faifan SATA da filashin USB ta hanyar sashen SCSI. Mutum yakan ga tambayar faifan SCSI, ya ce ai shi ba shi da irin wannan tsohuwar na'ura, ya buga n, alhali da wannan bugun ya makantar da ƙwayarsa. Na uku shi ne sanin jadawalin da aka raba faifan da shi yanki-yanki, ko dai tsohon tsarin MBR ko kuwa GPT. Na huɗu shi ne tsarin jera fayil, kamar ext4, wanda aka amince da ƙwarinsa a Linux 2.6.28 cikin Disamban 2008.

To, idan aka ba ɗaya daga cikin huɗun nan amsar m, ina aka ajiye shi? A kan faifan nan dai da a ke son buɗewa. Watau an kulle ɗaki, an bar mabuɗin a ciki. Ƙwaya ba za ta karanta faifan ba sai da tafinta, tafintan kuma ba zai samu ba sai an karanta faifan.

Mafita biyu ce. Ko dai a gina gaɓoɓin huɗu cikin jikin ƙwaya da harafin y, ko kuwa a ɗaura mata guzuri. Guzurin nan wani ƙaramin ƙunshi ne da manhajar tada na'ura, irin su GRUB, ke ɗorawa cikin ƙwaƙwalwa tare da ƙwaya, a cikinsa akwai tafintocin da za su kai ta ga faifai. Na farkonsa, initrd, ya fito a tsakiyar shekarun 1990, sa'an nan initramfs ya gaje shi tare da Linux 2.6 wadda ta fito cikin Disamban 2003. Da wannan hanya ce Debian da Ubuntu da Fedora ke rarraba ƙwaya ɗaya da ke tashi a kan kwamfutoci iri-iri. Sai dai wanda ya harhaɗa sabuwar ƙwaya ya manta bai sabunta guzurinta ba, shi ma a bakin ƙofa zai kwana.

Abin lura shi ne, ƙwaya ba ta faɗuwa ba tare da ta bar shaida ba. Saƙonta na ƙarshe yakan ƙare da lambobi biyu. Idan 0,0 ta rubuta, to ba ta ga na'urar ba sam, sai a duba gaɓoɓin farko, ko kuwa sunan faifan da aka ba ta tun wajen tashi. Idan kuwa ta rubuta abu kamar 8,1, to ta ga faifan, domin 8 lambar faifan sashen SCSI ce, 1 kuma yankin farko na faifai na farko, abin da ya gagare ta shi ne tsarin jera fayil. Akwai kuma na'urori masu nawar farkawa, kamar filashi da katin ajiya, waɗanda a ke gaya wa ƙwaya ta dakace su da kalmar rootwait.

SUNA YA KAN SAKE

Wata matsalar da ta wahalar da jama'a ita ce ta suna. Shekaru da yawa faifan IDE na farko sunansa hda. A Linux 2.6.19, cikin Nuwamban 2006, aka shigo da sababbin tafintocin IDE a ƙarƙashin libata, aikin da Jeff Garzik da Alan Cox suka yi fice a kansa, sai hda ya wayi gari ya koma sda. Fedora 7 ta bi wannan hanya a 2007, kuma duk wanda ya rubuta tsohon suna cikin fayil ɗin fstab ya tarar na'urarsa tana cigiyar faifan da babu shi. Tsofaffin tafintocin sun ci gaba da zama har Linux 5.14 ta kawar da su cikin Agustan 2021.

Sunayen sda da sdb ma ba na yanka ba ne, ana raba su ne bisa ga wanda ya riga amsawa. Faifan da ya ke sdb jiya yana iya zama sda yau, kuma mai goge faifai da suna kaɗai yana iya goge wanda bai nufa ba. Saboda haka ne aka koma kiran kowane yanki da doguwar lambar shaidarsa, UUID. Amma fa ƙwaya ita kaɗai ba ta gane wannan lamba wajen tashi sai da taimakon guzuri, wadda ta ke ganewa da kanta ita ce PARTUUID, lambar da ke cikin jadawalin rabon faifai.

Masu gaggawa sukan yi amfani da umarnin make localmodconfig, wanda ke duba tafintocin da ke aiki a wannan sa'a ya zubar da sauran. Yana rage lokacin harhaɗawa ƙwarai, amma filashin da ba a soke ba a lokacin yana iya rasa tafintansa, sai ranar da a ke neman kwafe bayani cikin gaggawa a tarar na'ura ba ta san shi ba.

Shawarar da masana wannan sana'a suka haɗu a kanta ba ta da tsawo. Kafin a taɓa komai, a kwafe muhimman fayil zuwa wani wuri. A duba tafintan da na'urar ke aiki da shi yanzu da umarnin lspci -k, a rubuta sunansa a takarda. A fara da .config na ƙwayar da ke aiki maimakon a faro daga fili. Mafi muhimmanci kuma, kada a goge tsohuwar ƙwaya daga jerin GRUB sai sabuwar ta tashi an gani da ido, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Idan duk da haka allo ya tsaya cik, kada a yi wa faifai hukunci. A koma tsohuwar ƙwaya, ko a tada na'urar da filashi, a karanta lambobin nan biyu, a gyara harafi ɗaya da aka buga ba daidai ba.

Sai wani mako, in Allah ya yarda.