Jarka 40,000 a Kan Senti 15

Akwai tambayar da aka sa wa ladan dala miliyan 1. A shekarar 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay da ke Amurka ta fitar da matsaloli 7, ta ce duk wanda ya warware ɗaya, kuɗin nasa ne. Ɗaya daga ciki a kan gudun ruwa take. Wani Bafaranshe mai suna Navier ya rubuta ƙa'idojin lissafin tafiyar ruwa a 1822. Stokes, malami a Kambirij ta Ingila, ya daidaita su a 1845. Injiniyoyi suna aiki da su kullum, da su ake hasashen yanayi, da su ake ƙera jirage. Amma ba a samu wanda ya tabbatar a rubuce cewa ƙa'idojin ba za su taɓa rikicewa ba idan ruwa ya shiga juyi da tafasa. Shekara sama da 200 ke nan daga Navier, ladan yana nan ajiye.

Ruwan Kogin Haɗeja da ke rabuwa a Likori ya bi mashigar Marma ta ƙasar Guri, shi ma waɗannan ƙa'idoji yake bi. Sai dai tambayar da ta dami mutumin Guri ba ta kai wannan wuya ba. Tara ce da ɗebewa. Ruwa nawa ya sauko daga tudun Kano, nawa aka tsare a hanya, nawa ya iso, kuma a wane wata? Masanin fiziks yana da uzuri idan ya ce tambayarsa ta gagara. Mu da muke biyan haraji, muke kuma biyan bashin da aka ci da sunan wannan kogi, ya kamata mu duba ko namu masu tambayar suna da irin wannan uzuri.

Mu fara da ma'auni. Mita kubik ɗaya lita 1,000 ce, wato jarka 40 masu cin lita 25. Mita kubik 1,000 kuwa jarka 40,000. A riƙe wannan.

An kammala madatsar Tiga a 1974, aikin da aka soma a zamanin Gwamna Audu Bako. Tana ɗaukar kusan mita kubik biliyan 2 a tsarinta na farko. An kammala ta Challawa a 1992. Alkawarin ɗaya ne: za a tsare ruwan damina, a yi noman rani na zamani a Kadawa da Kura, Kano ta sha, ƙasa ta ƙoshi da alkama. Kashin farko na aikin ban ruwan Kogin Kano an tsara shi a kan hekta 22,000.

Yanzu ɗaya ɓangaren. A shekarun 1960 zuwa farkon 1970, ambaliyar shekara tana rufe hekta 250,000 zuwa 300,000 na fadamar Haɗeja da Nguru. Daga baya ta koma tsakanin hekta 70,000 da 100,000. Mu ɗauki lambobin da suka fi sauƙi ga masu madatsa: 250,000 a cire 100,000. Saura 150,000 da ruwa ya daina zuwa. A raba da 22,000. Kusan hekta 7 ta bushe a ƙasa kan kowace hekta 1 da aka yi alkawarin jiƙawa a sama.

Za a ce fari ne. Gaskiya ne an yi fari, na 1973 da na 1984 ba wanda ya manta. To, mu ba fari rabin laifin. Saura 75,000, wato hekta 3.4 kan kowace 1. Za a ce gonar ban ruwa ana nomanta sau biyu a shekara. Mu yarda, mu sake rabawa biyu, mu kuma yi kamar ba mu san cewa manomin fadama shi ma yana cire shinkafa da damina ya bi da wake ko kayan lambu a raɓar da ruwa ya bari ba. Saura 1.7. Mun yi rangwame sau uku, kuma har yanzu abin da aka rasa ya fi abin da aka samu. Wannan kuma da sharaɗin an noma hekta 22,000 ɗin duka, alhali shekaru da yawa abin da ake nomawa bai kai haka ba.

Akwai kuma rabon rana. Tafkin Tiga idan ya cika faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 178. A wannan yanki zafi da iska suna iya ɗauke ruwa mai zurfin kusan mita 2 a shekara daga fuskar tafki. A ninka. Mita kubik miliyan 356. Tafkin ba kullum yake cike ba, kuma ruwan sama yana mayar da wani abu, don haka mu zubar da rabi. Saura miliyan 178, wato jarka sama da biliyan 7 a shekara, ba gona ba famfo. Fadama ma tana asarar ruwa ta wannan hanya, kuma masu kare madatsa sun daɗe suna kafa hujja da haka. Bambancin shi ne kafin ruwan fadama ya tashi sama ya riga ya raini kifi, ya shayar da shanu, ya nutse ƙasa ya cika rijiya.

Nan ne masana kimiyyar zamantakewa suka shigo, kuma adalci ne a ce sun yi tambaya mai kyau. A 1987 aka kafa shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru. A ƙarƙashinsa masana ilimin ruwa irin su Hollis na Jami'ar Landan suka auna shigar ruwa da fitarsa, masana tattalin arziki da na ƙasa, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka sa masa farashi. Littafin da ya tattara aikin ya fito a 1993, da sunan Aminu-Kano cikin editocinsa. Ba su tambayi buhu nawa hekta take bayarwa ba, domin ƙasa ba ita ce ta yi ƙaranci ba. Sun tambayi abin da ruwa yake bayarwa. Lambar da aka fi ambato daga aikinsu ita ce: mita kubik 1,000 a fadama, ta hanyar noma da su da itacen girki, tana da darajar aƙalla dala 32 a canjin 1989. A aikin ban ruwan Kogin Kano, senti 15.

Jarka 40,000 a kan senti 15.

Ni ban cika yarda da lambar da ta yi daɗi da yawa ba, ko da tana goyon bayana. Dala 32 a raba da senti 15 ya ba da 213. Ninki 213 abin tuhuma ne. An auna aikin ban ruwan a lokacin da magudanansa ke zubar da ruwa, kuma wani ɓangare na ruwan da ya zube yana komawa kogi ya gangaro, ba ɓacewa ya yi ba. Ruwan shan birnin Kano ba ya cikin wannan kwatanci, kuma ba mai hankalin da zai ce miliyoyin mutane su zauna da ƙishirwa don a kama tarwaɗa. To, mu ce masanan sun yi kuskure ninki 10. Saura 21. Mu ce sun sake yin wani ninki 10, abin da zai sa a kori ɗalibi daga aji. Saura 2. Kuma ba su saka kiwo ba, ba su saka ruwan ƙarƙashin ƙasa ba, wanda sai daga baya Gayatri Acharya ta bi ƙauyuka ta auna.

A 1998 Barbier da Julian Thompson suka haɗa lissafin ruwa da na kuɗi wuri ɗaya. Sakamakon: idan aka kammala duk madatsu da ayyukan ban ruwan da aka tsara, har da Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, ribar ban ruwa ba za ta maye fiye da kashi 17 cikin 100 na asarar fadama ba. Giɓin kusan dala miliyan 20. Wato a zubar da naira 100, a tsinci 17. Shawararsu mai sauƙi ce: a riƙa sakin ambaliya da gangan daga madatsun a tsakiyar damina, don a kwaikwayi yadda kogin yake yi da can.

An yi tambaya, an sami amsa, an buga. 

Sai dai mutumin Guri yana da ƙorafi a kan masanan su ma. Babbar tambayarsu ita ce yawan ruwa. Abin da ya fi cin ƙasar Guri shi ne lokacinsa. Da can kogin yana cika da damina ya ƙafe da rani, kuma ƙafewar nan ita ke kashe ciyawar ruwa. Da madatsu suka fara sakin ruwa duk shekara don masu noman rani, sai mashigai suka daina bushewa. Kachalla ta samu gida. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwan ya karkata ya kwanta a gonakin da ba su saba da shi ba, ya ƙi tafiya. Waɗanda ke ƙasa ta wajen Gashuwa suna kukan ƙaranci, na Guri da Kirikasamma suna kukan gona ta zama tafki. Masunci ba ya iya tura kwalekwale cikin kachalla. Tsuntsun jan baki kuwa ya samu wurin kwana, da safe ya sauka a kan shinkafa da gero. A takarda, hektar da ruwa ya rufe riba ce. A Guri, hektar da ruwa ya rufe wata 12 asara ce, kuma an rubuta ta a layin riba.

Wannan shi ne inda fiziks ya fi mu tsabta. Ruwa ba ya canja hali don an auna shi. Mutane suna canjawa. Ka saki ruwan rani, manomi ya sayi injin ban ruwa, ya ci bashi, ya kafa rayuwarsa a kan wannan ruwa. Bayan shekara 20 ka zo ka ce za ka rufe don kachalla ta mutu, ka ga yadda za a kwashe. Amsar 1998 daidai take a 1998. Kowace shekarar da aka bari ba a yi aiki da ita ba, farashin aiki da ita yana hawa, domin masu dogara da ruwan rani suna ƙaruwa.

Alkawura ba su tsaya ba. A 2006 jihohi 6, Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka haɗu a Damaturu suka kafa asusun kula da kogin. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 495 don shirin TRIMING, wanda ya shafi ayyukan ban ruwa da dama a Arewa, ciki har da na Kogin Kano da na Kwarin Haɗeja a Auyo. Rance ne, ba kyauta ba. Ninki 495 na ladan tambayar da ta gagari duniya. Mai gona a Auyo ya ga amfani, kuma ba na masa hassada. Amma ruwan da ya shiga sabuwar magudana a Auyo daga kogi ɗaya ya fito, kuma Guri tana ƙasa da Auyo.

Yanzu muna da jami'a a Dutse tun 2011, da ta jiha a Kafin Hausa, da ta tarayya a Gashuwa, duk a cikin kwarin kogin ko kusa da shi. Ba sai an ɗauko masani daga Landan ba. Tambayoyin da suka rage ƙanana ne. Hekta nawa kachalla ta cinye a Guri bana, idan aka kwatanta da bara? Injin da aka sa yana share ta, naira nawa yake ci a kilomita, kuma wata nawa take yi kafin ta dawo? Idan aka rufe ruwan rani na mako 6, manomi nawa zai yi asara a sama, nawa zai samu gonarsa a ƙasa? Kowace tana da amsa a lamba, kuma kowace amsa za ta ɓata wa wani rai.

Mu yi kuɗin mafi arha daga ciki. A kafa sanda mai alamar awo a wurare 10, daga Wudil zuwa Likori zuwa Nguru. A ɗauki mutum 10, kowa ya duba tsayin ruwa da safe ya rubuta. Mafi ƙarancin albashi na 2024 naira 70,000 ne. Mutum 10 a wata 12, naira miliyan 8.4. Idan dala ɗaya naira 1,500 ce, dala 5,600 ke nan a shekara. Rancen 2014 zai biya wannan albashi na shekara sama da 88,000. A ƙara kuɗin allo da alli, a kafa a kasuwar Guri, a riƙa rubuta lambar jiya da ta yau, da ranar da za a buɗe ƙofar Tiga.