Nawa ne kuɗin motar gudu da injinta ya buga?

Motocin da ke kan titunan Amurka sai ƙara tsufa suke yi. Alƙaluman da kamfanin S&P Global Mobility ya fitar a shekarar 2024 sun nuna cewa matsakaicin shekarunsu ya kai 12.6, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin lokacin.

A cikinsu akwai wani rukuni da ke jawo taƙaddama tsakanin masu saye da masu sayarwa, wato motocin gudu na alfarma da aka ƙera a shekarun 2000. Da yawansu yanzu sun ci kilomita 200,000 ko fiye, injinansu kuma sun fara neman babban gyara.

Mai irin wannan mota yana tuna kuɗin da ya kashe mata. Mai saye kuwa ba abin da yake hange sai kuɗin da za ta ci masa. Shi ya sa farashinta ke wuyar yankewa fiye da na kusan kowace mota a kasuwa.

Misalin BMW M5

Motar da ake yawan buga misali da ita a wannan batu ita ce BMW M5 da aka ƙera a Jamus daga 2005 zuwa 2010.

Injinta, wanda ake kira S85, mai silinda 10 ne, mai girman lita 5 da ƙarfin doki 500, kuma yana iya juyawa sau 8,250 a minti guda. Ya lashe kyautar injin da ya fi kowanne a duniya a 2005 da kuma 2006. A lokacin ana sayar da sabuwar motar fiye da dala 80,000 a Amurka.

Sai dai injin yana da wani rauni da ya yi ƙaurin suna. Tsakanin karanshaf da sandunan da ke riƙe da fistin akwai wasu siraran ƙarafa masu siffar rabin zobe, waɗanda makanikai a Najeriya ke kira metal. Ba sa gogar karanshaf kai tsaye, domin baƙin mai ne ke shiga tsakaninsu.

A wannan injin tazarar da man ke bi ƙanƙanuwa ce ƙwarai, man da kamfanin ya ce a zuba kuma mai kauri ne. Makanikan da suka ƙware a motar na ganin cewa idan direba ya saba taka ta tun inji bai yi zafi ba, ƙarafan kan cinye a hankali ba tare da wata alama ba. Saboda haka suke ba da shawarar a sauya su tsakanin kilomita 100,000 da 130,000, ko da motar lafiyarta lau.

Idan an sauya su a kan lokaci, aikin 'yan kwanaki ne. Idan aka bari har ɗaya ya kama ya juya, to karanshaf ya lalace, ɓurɓushin ƙarfe ya bi mai ya zagaye inji, wani lokacin ma sandar fistin ta karye ta fasa jikin injin ta fito. A nan ne ake cewa inji ya buga.

Abin lura shi ne darajar motar ta faɗi warwas cikin shekarun da suka wuce, amma kuɗin kayan gyaranta bai faɗi tare da ita ba. Wanda ya saye ta a farashin ƙaramar motar iyali zai gyara ta ne a farashin motar dala 80,000.

Lissafi biyu a kan mota ɗaya

A bisa al'ada lissafin mai sauƙi ne: a duba farashin irinta mai lafiya, a cire kuɗin gyara, abin da ya rage shi ne kuɗinta. Matsalar ita ce babu wanda ya san kuɗin gyaran sai an kwance inji.

A ɗauka, alal misali, irinta mai lafiya tana kan dala 20,000. A ɗauka kuma idan ƙarafan nan kaɗai za a sauya, aikin zai ci dala 4,000, idan kuwa sai an nemo wani injin, zai ci dala 15,000.

Mai sayarwa zai kama ƙaramin adadin ya ce motarsa ta dala 16,000 ce. Mai saye zai kama babban ya taya dala 5,000. Kowannensu yana da hujja, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta haura rabin kuɗin motar.

Ko da an raba biyu an ce gyaran zai ci dala 9,500, ba a gama ba. Akwai watannin da motar za ta yi a gareji. Akwai kuma gaskiyar cewa motar da aka sauya wa inji ba ta cika yin daraja kamar wadda ba a taɓa buɗewa ba.

Bugu da ƙari, motar da ta yi tafiya mai nisa ba inji kaɗai ne ya gaji ba. A M5 ɗin nan akwai famfon giyarta mai sauya kanta, da kulochi, da na'urorin da ke buɗe wa inji iska, dukkansu masu tsada, kuma sukan lalace a kusan lokaci guda. Motar da ba ta tashi ba, babu yadda za a yi a gwada su.

Wannan ne ya sa ƙwararrun dillalai ba sa fara lissafi daga sama. Suna farawa ne daga ƙasa, su tambayi nawa za a samu idan aka farfasa motar aka sayar da giya da ƙafafu da fitilu da kujeru daban-daban. Wannan adadin shi ne gindin farashi. Duk abin da aka ɗora a kansa, kasada ce mai saye ya ɗauka.

Wa ya san gaskiyar motar?

Tun a 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya samu kyautar Nobel a 2001, ya yi bayanin wannan matsala, kuma da kasuwar tsofaffin motoci ya buga misali.

A cewarsa, mai sayarwa ya fi mai saye sanin halin motarsa. Tun da mai saye ba zai iya bambance mai kyau da maras kyau ba, sai ya taya kowacce da tsoron ko maras kyau ce. Masu motoci masu kyau sai su janye nasu, kasuwa ta cika da tarkace.

A motar da injinta ya buga lamarin ya fi tsanani. Tambayar farko da kowa zai yi ita ce, idan har gyaran ƙarami ne, me ya hana mai motar ya gyara ya sayar da ita da tsada?

Ke nan takarda kuɗi ce. Rasiɗan sauya mai, sakamakon gwajin man da ke nuna yawan darma da tagulla a cikinsa, da rahoton makaniken da ya sauke kwanon mai ya duba da idonsa, duk suna rage tazarar nan. Mai sayarwar da ya kashe 'yan ɗaruruwan daloli a kan bincike yakan maido da fiye da haka a farashi, sai fa idan yana gudun abin da binciken zai tono.

Shi kansa adadin kilomitan ba abin dogaro ba ne ko da yaushe. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta ƙiyasta cewa ana sayar da motoci fiye da 450,000 a kowace shekara waɗanda aka mayar da agogonsu baya.

Kamfani ma ba ya tsaya wa tsohuwar mota. A 2013 kamfanin Porsche ya sasanta wata ƙara da masu motocinsa suka shigar a Amurka a kan wani boris da ke lalata injin samfurin 911 da Boxster na 2001 zuwa 2005. Amma yarjejeniyar ba ta haɗa da gyaran motar da ta wuce shekara 10 ko mil 130,000 ba, wato kimanin kilomita 209,000.

Ba kowace ce ke ƙarewa a hannun masu farfasawa ba. Kamfanin BMW bai sake sayar da mota mai silinda 10 ba bayan 2010, kuma 'yan kaɗan ɗin da aka yi masu giyar hannu, a Arewacin Amurka kaɗai aka sayar da su. Irin waɗannan masu tara motoci na nemansu, don haka gyaransu na iya biyan kansa. Ga sauran, ba kasafai lissafin ke fita ba.

Idan ta iso Najeriya

Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ce daga 2015 zuwa 2018 Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi tsoka. Najeriya na cikin manyan masu saye daga Amurka.

Da dama daga cikin motocin ana sayo su ne a gwanjon intanet na kamfanoni irin su Copart da IAA, inda mai saye a Kano ko Abuja ba ya ganin komai sai hotuna. Alamar da ake sa wa mota a can cewa tana tashi tana tafiya, ma'anarta kawai ita ce ta tashi ta motsa a ranar da aka kawo ta filin. Ba a mayar da ita bayan ciniki.

A da, hikimar sayen mai lalataccen inji ita ce ladan makanike ya fi araha a Najeriya nesa ba kusa ba. Wannan gaskiya ne ga Toyota da Honda, waɗanda ake samun injinansu a Ladipo da Ƙofar Ruwa da Panteka.

Ga motar gudu kuwa, ladan aiki ƙaramin kaso ne. Babban kason na kayan gyara ne, kuma da dala ake sayensu. A watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Kuɗin jirgin ruwa da na kwastan duk sun bi ta, kuma jirgi ba ya rage kuɗin dako don inji ya mutu.

Sannan ga mai. Tun bayan janye tallafi a watan Mayun 2023, motar da kamfaninta da kansa ya ce tana shan kusan lita 15 a kilomita 100 ta rage masu nema. Injin nata yana son fetur mai daraja ta sama, alhali galibin gidajen mai a ƙasar nau'i ɗaya suke sayarwa.

Hatta gindin farashin nan na farfasawa ya fi ƙasa a Najeriya. A Amurka akwai dubban masu irin motar da ke neman giyarta ko fitilarta. A Kaduna kuwa mai kayan zai iya shekara bai ga wanda ya zo tambaya ba.