Kafin a yi wa ordinater formate, a tambayi mai ita abin da ke ciki

Ranar Talata da ta wuce, saura awa biyu in shiga studiyo, na danna maɓallin ordinater ɗina. Shiru. Ba wuta, ba ƙarar iska, ekran baƙi ƙirin. Tsohuwa ce, okaziyo na saye ta shekara shida ke nan, kuma ba ta taɓa yi mani haka ba.

Ba na'urar ce ta tayar mani da hankali ba. A cikinta akwai hirarrakin da na yi da dattawa a ƙauyuka kan tarihin garuruwansu, kuma biyu daga cikinsu Allah ya yi masu rasuwa. Muryar da ta tafi ba a sake ɗauko ta.

Na ruga wajen wani mai gyara a kasuwa. Ko buɗe ta bai yi ba, ya ce: "Malam, sai formate, jika biyar." Na ce to kayan da ke ciki hwa? Ya ce ai sai haƙuri. Na ɗauki abina na hita.

Nan ne maganata take. Formate shafe abin da ke cikin diski ne a sake zuba Windows. Na'urar da ko wuta ba ta kawowa, ina ruwanta da Windows? Kamar mota ce ta ƙi tashi, makanike ya ce a canza mata kujeru.

Wani yaro na biyu, mai natsuwa, shi ya bi abin daki-daki. Ya fara gwada wani sharjer, dan sau da yawa waya ce ke tsinkewa daga ciki. Ya cire batiri, ya danne maɓallin kunnawa kamar sakan 30 dan sauran wutar da ta maƙale ta hita, sannan ya jona kuran kai tsaye. Hitila ta kama, amma ekran bai nuna komi ba. Sai ya kwance bayanta, ya zare RAM, ya goge bakinta, ya hure ƙurar hunturu da ta toshe hanyar iska, ya mayar. Ta tashi. Kwanan watan da ta nuna ne kawai ya rikice, ya ce ƙaramin pil ɗin da ke riƙe agogo, irin CR2032, ya mutu. Aka canza shi. Duka-duka jika biyu na biya.

Ya kuma gaya mani abin da ya kamata kowa ya sani: ko da na'urar ta mutu ƙurmus, a yawancin tsofaffin nan ana iya zare diskin, a sa shi cikin ɗan akwatin USB, a kwashe kayan a wata ordinater.

Wani zai ce masu gyara ma abinci suke nema, kuma formate ya hi sauri. Gaskiya ne, kuma akwai lokacin da ba makawa sai an yi shi. Amma ɗalibin da memuwar ɗinsa ke ciki, ko ɗan kasuwar da lissahin bashinsa ke ciki, ya cancanci a tambaye shi tukuna. Tambaya ɗaya ce: kana da kwafi?

Mu ma muna da laihi, ni na farko. Muna aza na'ura bisa katifa cikin zahin Afrilu, iska ba ta samun wurin hita. Muna barin ta jone lokacin da kuran ke tahiya yana dawowa. Mafi muni, aikin shekaru muna barin shi wuri guda. Ga shi tun 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallahin Windows 10 na kyauta, wanda shi ne a kan mafi yawan tsofaffin na'urorinmu.

Daren ranar ban kwanta ba sai da na kwashe muryoyin dattawan nan a kle USB biyu, ɗaya na kai gidan yayata. Kai ma da kake karanta wannan, yi naka yau, tun tana tashi.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da amanar da ke hannunmu.