ZANCEN ZAURE: Abin Wasan Katako Da Hankalin Yaro

 

Zancenmu na wannan wata a kan abin wasan yara ne. Na san wani dattijo zai dubi kan maganar ya ce, "Ashe dai Malam ya rasa abin faɗi, sai wasan yara?" To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan a yanke mini hukunci.

Ga abin da ya jawo maganar. Ran Juma'ar da ta wuce na tafi gai da wani aminina, wanda muka yi maƙwabtaka da shi shekara da shekaru a Hindawiyya. Kun dai san tun rushe-rushen unguwanni da aka yi a Jidda cikin 2021 da 2022 jama'armu da yawa suka watsu, kowa ya kama inda Allah ya nufe shi. Shi aminin nan nawa yanzu a hawa na uku yake a wani bene, ba zaure, ba tsakar gida, ba lungun da yaro zai fita. Na tarad da jikansa ɗan shekara 4 yana kwance rub da ciki, ya ƙura wa wayar uwarsa ido. Na yi sallama, ko motsi bai yi ba. A kusurwar ɗakin kuwa ga kwali cike da gawar kayan wasa: jirgi ba fiffike, bindiga ba kunama, mota mai batir ta daina kuka.

Na ce, "Alhaji, wannan tsibin fa?"

Ya ce, "Bari kai dai, Malam. Ba Sallar da ba na saya masa. Kwana 3 ya yi yawa, ko dai abin ya karye, ko shi ya gaji da shi ya koma kan waya."

Da aka kawo gahawa da dabino muka sha, sai na tara ƙwallayen dabinon a kan tabarma, ina jera su uku-uku kamar mai dara, ban ko dubi yaron ba. Jim kaɗan sai ga shi ya matso. Ya ɗauki ɗaya ya sa a layi, na gyara masa, ya sāke. Muka yi gida da su, muka yi garke, muka ƙirga. Da Larabci yana kai goma sumul, da Hausa kuwa a biyar ya tsaya. Kafin a kira La'asar ya kama shida da bakwai, wayar kuwa tana can yashe a kan katifa. Na dawo gida ina ta tunani, yaya aka yi ƙwallon dabino, abin zubarwa, ya riƙe yaron da kayan riyal ɗari suka kāsa riƙewa?

Amsar da na samu ita ce wannan. Abin wasa iri biyu ne. Akwai wanda ke yi wa yaro aiki, akwai wanda yaro ke yi wa aiki. Mota mai batir ita ke gudu, ita ke kuka, ita ke walƙiya, shi yaro nasa danna maɓalli da kallo. In ya gani sau goma ya gama da ita, don ba ta da wani sabon abin da za ta nuna masa. Guntun katako kuwa ba ya yin kome sai abin da yaro ya sa shi. Yau gida ne, gobe mota, jibi raƙumi. Duk abin da ya zama, daga kan yaron ya fito, ta hannunsa kuma ya bi.

Mu da muka tashi a gida, Kano ko Katsina ko Maraɗi, mun san wannan ko ba mu taɓa ba shi suna ba. Wa ya saya mana abin wasa? Bayan girbi yaro zai sami kara, ya ɓare shi, ya raba ɓawo da totuwa, ya haɗa motar kara. In ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma motar ta karkace, tilas ya auna ya sāke yankawa. Ashe awo yake koyo bai sani ba. 'Yan mata na carabke da tsakuwa, ido na sama hannu na ƙasa. Dara kuwa, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, wanda bai iya hangen abin da abokinsa zai yi ba kullum shi ake ci. Waɗanda aka haifa a nan su ma sun yi motar waya da gwangwani, sun buga kiram a bakin ƙofa bayan Isha'i. Kada kuma mu manta da babban katakonmu, watau allo, wanda akan sassaƙa da icen aduwa. Yaro ya riƙe shi, ya bi baƙi da yatsa, ya wanke, ya jingine ya bushe, ya fiƙe alƙalami. Hannu da ido da baki duk suna aiki tare.

Turawa ma da suka tsaya suka lura, nan suka biyo. Wani Bajamushe mai suna Furobel ya buɗe wurin renon ƙananan yara a wani gari, Bad Balankenbug, cikin 1837, a 1840 ya raɗa masa suna lambun yara. Cikin kayan da ya shirya musu akwai guntun katako mai siffar ƙwayar sukari, an yanka shi gida 8 daidai wa daida. Yaro ya wargaza ya mayar, da haka ya gane rabi da kwata tun bai san sunansu ba. Bayansa sai wata likita 'yar Italiya, Mariya Montesori. Ran 6 ga Janairu 1907 ta buɗe gidan yara a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum, inda iyaye kan tafi aiki su bar yara a benaye suna ɓarna. Ku duba fa, halin ya yi kama da namu na yau. Cikin kayanta akwai tubalan katako 10, ƙaramin santimita 1, babban santimita 10, yaro ya ɗora su bisa juna ya yi hasumiya. In ya sa babba a kan ƙarami ginin ya yi rawa, shi da kansa zai ga kuskurensa, ba sai an daka masa tsawa ba. Har kamfanin nan na LEGO da duniya ta sani, asalinsa wani kafinta ne a garin Bilund na ƙasar Denmak, wanda ya fara sassaƙa kayan wasan katako cikin 1932.

To, mene ne amfanin da yaro ke samu? Na farko ƙarfin yatsu. Yatsun da suka saba ɗauka da ajiyewa da zura abu a rami su ne za su riƙe alƙalami gobe. Na biyu lissafi, don mai jera tubali yana sanin babba da ƙarami, da yawa da kaɗan, da nauyi da sauƙi. Na uku haƙuri. Gini ya rushe, ya yi fushi, ya sāke ɗorawa, har ya koyi cewa abu yakan ɓaci a gyara. Na huɗu, wanda a ganina ya fi duka, shi ne magana.

A kan maganar nan akwai gwajin da wata malama, Anna Sosa, ta jami'ar Arewacin Arizona a Amurka ta yi, aka buga shi cikin 2015. Ta sami iyaye 26 da 'ya'yansu masu wata 10 zuwa 16, ta ba su kaya iri uku: masu batir masu magana da waƙa, da na gargajiya irin su tubala da wasan haɗa katako, da littattafan hotuna. Aka ɗauki muryoyinsu suna wasa a gidajensu. Sai aka ga lokacin da abin wasa ke surutu, iyaye sukan rage nasu, musayar magana tsakaninsu da yaro ta ragu. Da kayan gargajiya maganar ta ƙaru, da littafi kuwa ta fi yawa. Wannan ya shafe mu ƙwarai. Jikokinmu Larabci suke ji a makaranta da kanti da talabijin, ba kuwa laifi, harshen Alƙur'ani ne kuma harshen ƙasar da muke zaune. Amma Hausa a bakin wa za su ji ta in ba a namu ba? Da can lungu ke koya musu. Yanzu lungun ya tafi, saura tabarmar kaka.

Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fid da shawara cikin 2019, cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce sa'a 1 a yini, in an rage ma ya fi. Kowa ya auna gidansa da wannan mudu.

Wani zai ce duk wannan al'adar Nasara ce, ɗan Musulmi karatu ya kamace shi. To, malamanmu suna nan, a tambaye su. Ya tabbata cikin Buhari cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su ita da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa cikinsu har da doki mai fukafukai, da Annabi ya gan shi ya tambaye ta, amsar da ta ba shi ta sa shi dariya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu kuma ta ba da labarin yadda sukan yi wa yaransu abin wasa da ulu ran Ashura, don su shagala har a sha ruwa. Imamu Gazali cikin Ihya'u ya yi horo a bar yaro ya yi wasa in ya taso daga makaranta, don hana shi yana dushe masa basira, ya sa shi ƙin karatun. Wanda yake ƙyamar siffar mai rai, tubali da kwale-kwale da harufan katako ba su da fuska.

Amma fa kada a ce Malam ya ce kowane katako lafiya ne. A watan Yuni 2007 an janye kayan wasan jirgin ƙasa na katako wajen miliyan 1 da rabi daga kasuwannin Amurka, don an sami dalma cikin fentinsu. Mu kuwa ba sai an gaya mana sharrin dalma ba. Cikin 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda gubarta, daga ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje, waɗanda suka rayu kuma da yawa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Saboda haka a guji abin da fentinsa ke ɓamɓarewa. Yaron da bai kai shekara 3 ba kada a ba shi abin da zai shige bakinsa, ko ƙwallon dabinon nan da na ambata, sai babba na zaune yana kallo. Ƙananan batura masu kama da anini su ma a nisanta su, in yaro ya haɗiye suna ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i.

Yanzu sai ku 'yan'uwana 'yan kasuwa. Na san abin da za ku ce: na roba shi ke tafiya, shi ke da araha, alhaji mai neman tsaraba ba ya tambayar katako. Gaskiya ne. Amma araha ba ta ado, kuma abin da kuka sa a gaban shago shi ido ke fara gani. Tsarabar da kuka ɗaura wa alhaji ba a nan za ta tsaya ba, sai ta kai Gusau da Damagaram da Kumasi, ta shiga bakin jaririn da ba ku taɓa gani ba. Ku duba alamar nan ta harafin G da ƙasashen Halij suka wajabta a kan kayan wasan yara, ku duba shekarun da aka rubuta a kwali, ku gaya wa mai saye gaskiya. Ku ware ko da kanta ɗaya ku jera tubala, da harufan Larabci na katako, da ƙananan alluna. In mai saye ya ce da tsada, ku ce masa ya lissafa motocin batir nawa ya binne bana. Katako yaya zai yi wasa da shi ya bar wa ƙane.

Ga kuma roƙona ga shugabannin ƙungiya. Muna da kafintoci cikinmu, kullum suna zubad da ragowar katako. A roƙe su su tara mana mai tsabta, wanda ba fenti, ba ƙusa, ba a kuma jiƙa shi da maganin ƙwari ba. A yanka shi tubala, kada kowane ya gaza santimita 5, a goge kaifin da sanfefa, a shafa ɗan man zaitun. A zuba 30 cikin jaka, a kai kowane gida mai ƙaramin yaro kafin Salla mai zuwa. Kuɗin sanfefa da jakunkuna ni na ɗauka, Allah ya ba ni iko. Wanda ke da abin cewa ya kawo shi taron wata, a tattauna.

Sai dai jaka ba ta magana. In an kai ta gida aka jefa wa yaro aka koma kan waya, an yi aikin banza. Abin da nake nema ga kowane uba da kowane kaka shi ne rubu'in sa'a tsakanin Magariba da Isha'i. Ka sauko kan tabarma, ka bar shi ya yi gininsa, kada ka karɓe ka yi masa. Ka tambaye shi da Hausa, "Wannan mene ne? Guda nawa? Wanne ya fi tsawo?" Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Aminin nan nawa ya yi mini alkawari zai gwada, ni kuwa na ce zan koma in ji ko mutumina ya kai goma.

Allah ya raya mana zuriya, ya shirye su, ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Haza wasalam.