Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Wasiƙa Ga Matasan Matuƙa Jirgin Sama

Ya ku 'ya'yana da ƙannena.

Ina fatan Allah ya ci gaba da sauke ku lafiya kamar yadda yake ɗaga ku lafiya. Na daɗe da ajiye hular aiki, amma har gobe in na ji ƙugin jirgi ya ratsa saman gidanmu sai na ɗaga kai, ko da loma ce a hannuna. Jikokina kan nuna mini hotunanku a waya, kuna zaune a ɗakin tuƙi cikin farar riga, rana tana ɓullowa ta bayanku. Wallahi daɗi nake ji, domin na san abin da idonku yake gani.

Na san safiyar hunturu a Kano, ranar da hazo ya haɗiye Dala da Gwauron Dutse, ka tashi kamar cikin ƙurar masussuka, kana ta hawa ba ka ganin komai sai agogunan gabanka. Can sai ka huda saman hazon. Sama shuɗiya tas, hazon kuwa ya shimfiɗu a ƙasanka kamar tabarma, iya ganinka. Na san Lakwaja daga sama, inda Kwara da Binuwai suke haɗuwa, kowane da kalar ruwansa, su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraye. Na san daren jigilar alhazai, an ƙetare Cadi da Sudan cikin duhu, an doshi Bahar Maliya, ka sanar da cewa an kusa miƙati, sai ka jiyo talbiya ta cika jirgin har ta ƙofar ɗakin tuƙi. Wanda ya ɗanɗana wannan ba ya warkewa, kuma ban roƙi Allah ya warkar da ni ba.

Ku ci gaba da ba da waɗannan labarai. Amma akwai wani labarin da na lura ba ku bayarwa, mu ma a zamaninmu da kyar muke bayarwa, shi ne na ranar da mutum ya yi kuskure Allah ya rufa asiri. Saboda shi na ɗauki alƙalami, kuma bari in fara da nawa.

Ina mataimakin matuƙi a lokacin, ban daɗe da fara aiki ba. Ƙarshen watan Maris ne, zafi ya shigo amma ƙura ba ta gama tafiya ba. Za mu sauka a wani fili da ba shi da na'urar da ke jan jirgi har bakin titi, sai dai ka sauko zuwa wani tsayi da aka ƙayyade, ka tsaya a nan kana neman titin da ido. Kyaftin ɗina dattijo ne, sa'an mahaifina, awanninsa a sama sun ninka nawa sau ashirin. Ko a ƙasa ba na iya haɗa ido da shi.

Kun san agogon tsayi ba ƙasa yake aunawa ba, nauyin iska yake aunawa. A can sama kowa yana sa 1013, in an sauko sai a juya zuwa lambar da hasumiya ta bayar. Ranar 1006 aka ba mu. Na juya nawa. Shi kuma ana cikin haka aka yi masa magana ta rediyo, hankalinsa ya rabu, nasa ya zauna a 1013. Tazarar bakwai ce kawai, amma kowace ɗaya ta kusa ƙafa 30. Ma'ana jirgin yana ƙasa da inda yake zato da kusan ƙafa 200, kuma shi ke riƙe da tuƙi.

Na gani. Ina so ku ji wannan da kyau: na gani da idona, tun muna da sauran tazara. Sai na shiga saƙa da warwara. Anya ba nawa ne ya kuskure ba? Ai zai lura da kansa. Yaya zan buɗe baki in ce wa wannan bawan Allah ya manta abin da ake koya wa ɗalibi a makon farko? Da na daure na yi magana, abin da ya fito shi ne, “Ranka ya daɗe, kamar dai mun ɗan yi ƙasa.” Ya dubi agogonsa, ya ga daidai, ya ce, “Muna lafiya.” Na yi shiru. Sai da na hango kawunan giginya sun ɓullo cikin ƙurar, kusa fiye da yadda ya kamata, sannan bakina ya buɗe da ƙarfi na ce, “Kyaftin, agogonka na kan 1013, 1006 ne, mu tashi!” Bai yi musu ba. Ya tura wuta, muka hau, muka zagayo, muka sauka lafiya. Fasinjoji suka fita suna ta hirarsu.

Da muka kashe inji na zauna ina jiran faɗa. Ya cire abin kunnensa, ya juyo ya ce, “Yaro, tun yaushe ka gani?” Na faɗa masa gaskiya. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “Mantuwa tawa ce. Shirun naka ne. Nan gaba in ka ga abu, ka kira lambar, kada ka ce mini kamar.” Da yamma kuma, a gaban sauran matuƙa, shi da bakinsa ya ba da labarin, bai rage komai ba, ya kuma rubuta rahoto da hannunsa. Allah ya jiƙansa. A wajensa na koyi cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

An rene mu a kan kunya da girmama na gaba, kuma tarbiyya ce mai kyau, ba na so ku yar da ita. Mun tashi muna jin cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A zaure gaskiya ne. A ɗakin tuƙi kuwa an ajiye kujeru biyu da agoguna kashi biyu ne domin an san babba ma yakan kau da ido. Kuma kada ku ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. A ranar 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerife, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Kyaftin ɗin KLM babban malamin matuƙa ne a kamfaninsu. Injiniyan da ke zaune bayansa ya yi tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titi, kyaftin ya amsa masa da tabbaci, aka ci gaba da gudu. Tambaya ya yi a inda ake buƙatar tsawa. Daga irin wannan haɗari ne aka fito da darasin haɗin kai a ɗakin tuƙi da ake koya muku yanzu, wanda na san wasunku suna zama a ajinsa kamar an tilasta musu.

Don haka, kai mataimaki, ka koyi magana mai lamba. Ka ce gudu kaza ne, tsayi kaza ne, mai saura kaza. Lamba ba ta da rashin kunya. In ba a ji ba ka maimaita, ka ɗaga murya, ka faɗi abin da kake so a yi. Ladabinka ka riƙe shi, amma ka bar “kamar” da “ko dai” a gida. Ke ma 'yata da kika shigo wannan aiki, nauyin ya fi yawa a kanki, na sani, domin an koya miki sunkuyar da kai sau biyu. Rayukan da ke bayanki ba su san wannan ba, muryarki suke buƙata. Kai kuma da ka samu igiya huɗu a kafaɗa, kafin a tada inji ka dubi yaron nan ka ce masa da bakinka, “In ka ga na kauce ka faɗa, zan gode maka.” Ranar da ya faɗa kuwa ka gode masa da gaske, ko da shi ne bai gani daidai ba. In ka gwasale shi sau ɗaya, ka rufe bakinsa ke nan har ranar da za ka fi kowa buƙatarsa.

Sai maganar ba da labari bayan an sauka. A ranar 1 ga Disamba, 1974, wani jirgin TWA ƙirar Boeing 727 ya doshi filin Dulles kusa da Washinton a Amurka, matuƙansa suka fahimci izinin da aka ba su a kan cewa za su iya saukowa tun da wuri, suka daki dutse, mutum 92 suka rasu. Da aka yi bincike sai aka gano cewa makonni shida kafin nan wasu matuƙan kamfanin United sun yi irin wannan fahimta a wuri guda, suka tsallake da kyar. Sun ba da rahoto, kamfaninsu ya gargaɗi nasa matuƙan, amma gargaɗin bai kai ga matuƙan sauran kamfanoni ba. Wannan ne ya sa a 1976 aka buɗe tsarin da matuƙi zai kai rahoton kuskurensa a asirce, hukumar NASA ta tattara, a cire sunansa, a raba darasin ga kowa. Duk lokacin da na tuna wannan sai in tambayi kaina, kurakurai nawa ne muka binne a cikinmu, wani ya zo daga baya ya faɗa ramin da muka sani?

Na san abin da ke hana ku. Tsoron a ce ba ka iya ba, tsoron a dakatar da kai, ga aikin da kyar aka samu bayan iyaye sun sayar da gona ko fili. Ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa nake roƙon manyanku da ke riƙe da ofisoshi su bambanta wanda ya yi kuskure ya kawo kansa da wanda ya yi ganganci ya ɓoye. In aka hukunta na farko, gobe babu mai kawo kansa, kuma kuskuren bai daina faruwa ba, ji ne kawai aka daina yi.

Akwai kuma maganar da ta fi kowace wuyar faɗi, wato “ba za mu tashi ba.” Mutanenmu sun riga sun gama ta: da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. A ranar 11 ga Yuli, 1991, jirgin DC-8 da aka yi haya daga Kanada ya ɗebo alhazanmu daga Jidda zai kai su Sakkwato. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska, akwai waɗanda suka san da haka a ƙasa, amma gudun jinkiri ya sa aka sallame shi. Tayoyi suka fashe a guje, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgin da wutarsu. Mutum 261, babu wanda ya fita. Shi ya sa nake cewa ku zagaya jirginku da ƙafa kamar mai sayen doki, ku saba da makanikai, ku san sunayensu, ku zama irin matuƙan da makaniki zai iya tara ya ce “akwai abin da bai kwanta mini ba” ba tare da fargaba ba.

Hadarin damina ma haka. Kowane manomi a ƙasar Hausa ya san hadarin gabas ba ya wasa, ya san iskar da ke riga ruwa isowa tana kwashe jinka. Wannan iskar ce take juyawa farat ɗaya ta ƙwace wa fiffike ƙarfinsa a daidai lokacin da jirgi bai yi nisa da ƙasa ba. Ita ta samu jirgin ADC da ya tashi daga Abuja a ranar 29 ga Oktoba, 2006, muka rasa mutum 96, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Sau da yawa hadarin nan rabin awa ya ishe shi ya wuce. Za a matsa muku. Wani babba zai aiko a ce yana da taro, fasinjoji za su yi ta tsaki, ofis zai yi ta kira. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya ga baƙin hadari a bakin titi ya tura wuta bai yi tawakkali ba, bai ɗaure raƙuminsa ba ne.

Roƙona na ƙarshe mai sauƙi ne. Tun a watan Nuwamban 1925 jirage suka sauka a Kano, jiragen sojan Ingila guda uku da suka taso daga Masar. Makarantar koyon tuƙi tana Zariya tun 1964. Duk da haka akwai yaro a Ƙofar Doka da jirgin ɗalibai ke wucewa ta saman gidansu kullum, bai taɓa jin wani ya faɗa masa da Hausa yadda ƙarfe ke tsayuwa a iska ba, balle ya san shi ma zai iya. In kuka samu hutu ku sa rigar aikin, ku je makarantar firamaren da kuka yi. Ku sa yara su riƙe takarda a bakin leɓe su hura ta samanta, su ga ta ɗaga. Ku faɗa musu lissafi da kimiyya da Turanci ne tsanin, ku faɗa wa iyaye gaskiyar kuɗin da wahalar jiran aiki. In wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, “Kun taɓa jin tsoro?” kada ku ce a'a. Ku ba shi labarin ranar, da abin da kuka gani, da abin da kuka ce.

Ni dai ina gida, shayi ba ya yankewa bayan la'asar. Duk wanda ya kwana a Kano cikinku ya leƙo, ya zo mini da littafin awanninsa, mu buɗe shafin da bai taɓa nuna wa kowa ba.

Wassalam.

Naku,
wani tsohon matuƙi