Has da Have: Mabuɗin Yana Cikin Hausarmu

Duk ɗalibin da ya kai aji uku na babbar sakandare ya san cewa Turanci shi ne mai gadin ƙofa. Ko yaro ya ci lissafi, ya ci kimiyya da dukan sauran darussa a jarrabawar WAEC ko NECO, in bai sami kiredit a Turanci ba, Jami'ar Tarayya da ke nan Dutse ba za ta ɗauke shi karatun digiri ba, haka ma sauran jami'o'in ƙasar nan. Daga cikin duwatsun da 'ya'yanmu suke tuntuɓe da su a wannan darasi, akwai guda ɗaya da nake so mu duba a mujallarmu ta bana, wato lokacin aikatau da ake ginawa da "have" ko "has", wanda littattafan Turanci suke kira "present perfect". A ra'ayina, hanyar da muke bi wajen koyar da shi ita ce take kayar da yara, domin mun kulle Hausa a waje, alhali kuwa mabuɗin yana hannunta.

Ku shiga kowane aji ku yi tambaya. Kusan kowa zai rera muku cewa "have" ko "has" ake sawa, sa'an nan a biyo da siffa ta uku ta aikatau: "go, went, gone", "eat, ate, eaten". Hadda kam ta zauna daram. Amma ku ba su takarda su rubuta wasiƙa, sai ku ga "I have seen him yesterday", ko kuwa "I am in this school since three years". Yaron da ya rubuta haka ba daƙiƙi ba ne. Da Hausa yake tunani, kuma a Hausa maganarsa ba ta da aibi ko kaɗan: "Na gan shi jiya", "Shekara uku ke nan ina makarantar nan". Abin da ya rasa shi ne wanda zai nuna masa inda hanyoyin harsunan biyu suka rabu.

Ga inda suka rabu. Idan Bahaushe ya ce "na ci abinci", abin da ya dame shi shi ne an gama aikin ko ba a gama ba. Ko jiya ne, ko bara, ko yanzun nan, "na ci" ta wadatar. Bature kuwa yana ƙara tambaya ta biyu: lokacin da ake magana a kansa ya rufe, ko har yanzu yana buɗe? In an ambaci ranar, ko shekarar, ko sa'ar da abin ya faru, to, lokaci ya rufe, sai a ce "I ate". In kuwa abin ya wuce amma sawunsa yana nan har yanzu, ba a kuma faɗi lokacin ba, sai a ce "I have eaten", ma'ana cikina a cike yake, kada a zuba mini. Mu ɗauki misali da jiharmu. An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ran 27 ga Agusta, 1991. Wannan rana ta wuce, don haka "Jigawa State was created in 1991". Amma Dutse ta zama babban birnin jiha tun daga ranar, har yau kuma ita ce, don haka "Dutse has been the capital since 1991". Tarihi ɗaya ne, jimloli biyu, kowacce da aikinta.

Abin farin ciki shi ne, Hausa tana da kalmomi da suke nuna mana wannan lokaci a fili. Ta farko ita ce "taɓa". "Ka taɓa zuwa Birnin Kudu?" ita ce "Have you ever been to Birnin Kudu?" Amsar kuma, "ban taɓa zuwa ba", ita ce "I have never been there". Ta biyu ita ce "riga": "Mun riga mun share aji" ta zama "We have already swept the classroom". Ta uku, "tukuna": "Motar Kiyawa ba ta cika ba tukuna", wato "The Kiyawa bus has not filled up yet". Ta huɗu kuwa "yanzun nan": "Yanzun nan aka ɗauke wuta", "The light has just gone off". Ɗalibin da ya riƙe waɗannan huɗu, taɓa, riga, tukuna da yanzun nan, ya ci rabin yaƙin, gama tun yana goye yake jin su a bakin uwarsa.

Malaman Hausa ma suna da gudummawa a nan. Suna koyar da shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu, wato "sun" da "suka". Idan aka leƙo aka ce "baƙi sun iso", labari ne sabo, a tashi a kawo ruwa: "The visitors have arrived". Idan kuwa ana ba da labari, "suka tashi da asuba, suka shiga mota, suka iso da yamma", to, Turanci ba zai sa "have" ko ɗaya ba: "they got up, they entered, they arrived". Wannan kaɗai zai gyara rubutun labari na ɗalibai da yawa.

Sai dai akwai rami guda da ya kamata a yi hattara da shi, wato "tun" da "ke nan". Bahaushe yana cewa "ina jira tun safe", da lokaci mai ci, shi ya sa yara suke rubuta "I am waiting since morning". Daidai shi ne "I have been waiting since morning". Haka nan "since" tana tafiya da mafarin lokaci, kamar 2011 ko Litinin, "for" kuma da tsawonsa, kamar shekara uku ko kwana goma.

Wani zai ce, ai duk ɗaya ne, tun da za a gane abin da ake nufi. Ba kullum ake ganewa ba. "He has gone to Kano" tana nufin ya tafi Kano, yana can ko yana hanya, kada ka jira shi. "He has been to Kano" kuwa tana nufin ya taɓa zuwa, ya dawo. Mai neman aiki da ya rubuta "I worked in a clinic for five years" ya shaida wa mai karatu cewa ya bar wurin. Wanda ya rubuta "I have worked in a clinic for five years" ya nuna har yanzu yana can. Kalma ɗaya ce ta bambanta su, amma tana iya sa a kira ka ko a ajiye takardarka. A jarrabawar WAEC kuwa, cikin maki 50 na insha'i an ware 10 domin daidaiton rubutu, kowane kuskure yana cin rabin maki. Kuskure 20 ke nan sun share su duka, banda abin da za a rage wajen iya tsara magana.

Na san akwai abokan aiki, da iyaye ma, da suke ganin shigo da Hausa ajin Turanci ɓata yara ne. A makarantu da yawa an daɗe ana cin tarar ɗalibin da aka kama yana Hausa, ko a ba shi gwale-gwale. Niyyarsu mai kyau ce, kuma suna da gaskiya a wuri ɗaya: ba a iya harshe sai da yawan magana da shi. Amma tara tana rufe bakin yaro ne kawai, ba ta hana shi fassara a zuciyarsa. Tun da fassarar nan tana gudana ko mun so ko mun ƙi, gara malami ya fito da ita kan allo, ya nuna inda ta yi daidai da inda ta kauce. Minti biyar na kwatanta harsunan biyu ya fi awa guda na rera jadawali. Wasu kuma suna cewa a finafinan Amurka ana jin "Did you eat yet?" ba tare da "have" ba. Haka ne, mutanen Amurka sun fi sassauci a nan. Mu dai Turancin Ingila muka gada a makarantunmu, shi ne kuma ya fi aminci a takardar jarrabawa.

To, yaya za mu yi? Shawarata ta farko ga ɗalibai ce. Kowace safiya kafin a shiga aji, ka sami abokinka ku yi wa juna tambaya uku a kan abin da ke gabanku: "Have you fetched water? Have you done the assignment? Have you ever eaten Dutse dates?" In ya amsa da "Yes, I have", sai ka bi shi da "When?" Nan take dole ya koma ɗaya lokacin, ya ce "I did it last night". Wannan sauyi daga tambayar farko zuwa ta biyu shi ne dukan darasin. Ta biyu, aikatau masu canza kama kamar "write, wrote, written" sun kai kusan 200 a Turanci, amma waɗanda ake bukata kullum ba su da yawa. In kana koyon biyar a mako, kana sa kowanne cikin jimlar da ta shafi rayuwarka, a mako 12 ka mallaki 60. Ta uku, ka saurari labaran Turanci a rediyo. Za ka ji mai karatu ya buɗe da "has" ko "have" domin labari sabo ne, da ya faɗi ranar kuma sai ya sauya.

Ga 'yan'uwana malamai, ina roƙo mu rage ba da jimlolin cike gurbi da ba su da alaƙa da rayuwar yaro. Mu sa su rubuta abin da ya canza a garinsu tun suna firamare, ko abin da aka riga aka girbe a gona da wanda ba a girbe ba tukuna. Malamin Hausa da na Turanci su zauna tare ko da sau ɗaya ne a zango. Iyaye kuma, ko ba ku jin Turanci, ku ci gaba da yi wa 'ya'yanku Hausa mai kyau a gida, domin yaron da ya san bambancin "sun" da "suka" ya riga ya sami tsani.

Ga ɗalibanmu masu fita bana da masu biyo bayansu, Hausawa sun ce yau da gobe ita ke sa allura ta haƙa rijiya. Ku fara da jimla uku gobe da safe. Allah ya ba ku sa'a.