Me ya sa batirin jirgi maras matuƙi ke kama da wuta?

A ranar 28 ga Janairun 2025, gobara ta tashi a wani jirgin fasinja na kamfanin Air Busan a filin jirgin Gimhae da ke Koriya ta Kudu. Duk mutum 176 da ke ciki sun tsira, amma jirgin ya ƙone. Masu bincike sun fi zargin batirin litiyam na cajin waya.

Irin wannan sinadari ne ke cikin batirin LiPo na jirage marasa matuƙa da motocin wasa masu rimot. Yanzu da masu ɗaukar bidiyo ke amfani da waɗannan jirage a wuraren biki da hawan Sallah, baturan sun shigo har ɗakin kwana.

Ina haɗarin yake?

Batirin LiPo gida-gida ne a ciki, kuma kowane gida yana da iyaka. Idan ya cika, ƙarfinsa bolt 4.2 ne. Da zarar caji ya wuce haka, sai ya yi zafi, ya kumbura, har ya kama da wuta. Idan kuma aka zuƙe shi ƙasa da bolt 3, ya lalace daga ciki, kuma caji na gaba na iya zama sanadin gobara.

Shi ya sa ake amfani da caja mai daidaita gidajen, ana kuma yin caji a hankali. Batir mai 2200mAh, alal misali, kada cajinsa ya wuce amfiya 2.2.

Halinmu da wutar lantarki

Matsalar a nan ita ce, sau da yawa sai tsakar dare ake kawo wuta. Mutum ya jona batir a kan katifa, ya koma barci. Ga kuma zafin bazara da ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, ga masu barin batir cikin mota a rana.

Mafita

Ka yi caji a kan siminti, nesa da labule, kana kusa, da bokitin yashi a gefe. Bayan ka sauko da jirgi, bari batirin ya huce tukuna. Idan zai yi kwanaki a ajiye, sauke shi zuwa kusan bolt 3.8, kada ka bar shi cike.

Batirin da ya kumbura kuwa, ya gama aiki. Kada ka huda shi, kada ka sake jona shi. Kuɗin sabo bai kai asarar gida ba.